Tambayi Malam: Shekara biyu a kwaleji, daga nan sai jami'a?

Tun da sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, wasiƙun da ke shigo mini nan Garwa a Kamaru suka koma zance ɗaya: makarantun shekara biyu da ake cewa suna miƙa yaro jami'a. Na zaɓi huɗu. Mai tambaya a kan kuɗin makarantar firamare ya yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa. Ɗana na fari ya ci bak ɗin kimiyya bana, burinsa ya zama injiniya. Wani mai haɗa wa yara takardun fita waje ya ce in bar zancen jami'a kai tsaye a Amurka, tsada gare ta. Wai akwai ƙananan makarantu da ake kira kwalejin al'umma, yaro ya yi shekara biyu da kuɗi kaɗan, daga nan ya zarce babbar jami'a ba jarrabawa ba komai, kuma zai riƙa aiki yana biya wa kansa. Ya nemi kafin alƙalami sefa miliyan 2. Ina da fili a hanyar Pitowa da nake tunanin sayarwa. Gaskiya ce ko romon baka?
Wani Alhaji, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya raya yaro. Filin nan ka bar shi inda yake tukuna, mutumin nan kuma kada ko sisi ta shiga hannunsa sai ka karanta amsar nan har ƙarshe.

Makarantun suna nan, ba ƙirƙira ya yi ba. Tsofaffi ne ma: wadda ake lissafawa ta farko, ta garin Joliyet kusa da Shikago, tun 1901 aka buɗe ta, yanzu kuma sun kai kusan dubu a faɗin ƙasar. Digirin farko a Amurka shekara huɗu ne, kiredit 120 galibi, wato ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ci. Kwalejin al'umma tana ba da rabin farko, kiredit 60 cikin shekara biyu, da takardar shaida tata ta kanta. Wanda ya gama ya nemi jami'a ta karɓe shi a aji uku. Kada yaronka ya gwada wannan lissafi da namu na nan, inda lisansi, wato digirin farko, take kiredit 180 a shekara uku. Ma'aunin kowa daban.

Sai maganar araha. Wa take yi wa araha? A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin makaranta a irin wannan kwaleji dalar Amurka 4,050 ne a shekara, na jami'ar gwamnati kuwa 11,610. Waɗannan su ne lambobin da dillalai suke karanta wa iyaye. Abin da suke haɗiyewa shi ne farashin ɗan gari ne, wanda iyayensa ke biyan haraji a yankin. Baƙo mai bizar karatu ninki biyu ko uku yake biya. Kuma kafin makaranta ta ba shi takardar da ake kira I-20, wadda sai da ita ake neman biza, dole ka nuna a banki kuɗin shekara guda cur: makaranta, haya, abinci, inshorar lafiya, littattafai. A mafi yawan wurare wannan ya haura dala 20,000. Mu ƙaddara dala a sefa 600 don sauƙin lissafi, miliyan 12 ke nan a shekara.

Wannan ma ba shi ne ke karya iyaye ba. Shekara biyun ƙarshe ce. Ranar da yaro ya haye zuwa jami'ar gwamnati, a matsayin baƙo zai biya, kuma matsakaicin wannan a shekarar da na ambata dala 30,780 ne, kuɗin makaranta zalla, ban da ci da kwana. Ya wuce sefa miliyan 18, sau biyu. Na ga gidajen da suka yi tanadin shekara biyun farko kaɗai, suna cewa sauran Allah zai kawo. Allah mai kawowa ne, amma jami'a sai ta ga takardar banki kafin ta ba da sabuwar I-20. Wani tsohon ɗalibina, yaro mai kai wanda lissafi ba ya yi masa gardama, a nan ya tsaya. Ya gama kwalejin da maki mai kyau, jami'a ta ɗauke shi, kuɗi suka ƙare. Ya dawo da takardar shekara biyu wadda masu ɗaukar aiki a nan ba su san gurbin da za su sa ta ba.

Zancen ya yi aiki ya biya wa kansa, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Bizar karatu ta yarda da aikin awa 20 a mako lokacin da ake karatu, kuma a cikin harabar makaranta. Kwalejin al'umma yawancinsu ba su da ɗakunan kwanan ɗalibai, aikin cikin harabar kaɗan ne, masu nema da yawa. Ko ya samu, kuɗin cefane ne da motar haya. Idan ya fita waje yana aiki a ɓoye aka gano, izinin zamansa ya tafi. Tallafin gwamnatin tarayya da 'yan ƙasa ke samu kuwa, mai bizar karatu ba ya ciki.

Yanzu babbar magana, wai ba jarrabawa ba komai. Akwai yarjejeniyoyi na gaske tsakanin kwalejoji da jami'o'i, amma kowace da sharuɗɗanta, kuma ba ta tsallake iyakar jiha. A Kalifoniya, rassa shida na babbar jami'ar jihar suna ba ɗalibin kwaleji alkawarin gurbi idan ya cika darussan da suka gindaya da makin da suka yanka. Rassan Bakli da Los Anjalis da San Diyego, waɗanda sunansu ya fi tashi, ba sa cikin alkawarin, kuma ko a shidan akwai fannonin da aka cire. A Fulorida tun 1971 ake da tsarin da ya lamunce wa mai takardar shekara biyu gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar. Ka lura, a ɗaya daga ciki. Ba a ce wadda ransa ke so ba, ba a kuma ce a fannin da ya zaɓa ba. Injiniyanci yana cikin fannonin da ake tankaɗe da rairaya.

Ofishin binciken kuɗin gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto a 2017, ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka canza makaranta sun yi asarar kusan kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗin da suka tara. Darussa ne da aka biya kuɗinsu, aka zauna aka yi jarrabawarsu, sabuwar makaranta ta ce ba ta san zancen ba.

Don haka daga ƙarshe ake farawa. Kai ɗan Garwa ne, ka san mai zuwa Gaundare gadar Binuwai yake hawa, mai zuwa Marwa kuwa ba abin da zai kai shi kanta, komai kyanta. Yaro ya fara zaɓar jami'ar da yake son sunanta a kan digirinsa da fannin da zai karanta. Sannan ya bincika a shafin jami'ar, ba na kwalejin ba, waɗanne kwalejoji take da rubutacciyar yarjejeniya da su a wannan fanni, wane maki take nema, kuma ko alkawarin ya haɗa da baƙi. Kwalejin da ba ta cikin jerin ba tasa ba ce, ko kyauta take.

Duk wannan ba ya buƙatar dillali. Ana cike takardar neman shiga ta intanet kai tsaye. Kuɗin rajistar ɗalibai baƙi dala 350 ne, na neman biza 185, duka gwamnatin Amurka ake biya, da rasit. Akwai masu ba da shawarar karatu na EducationUSA a Yawunde, a ƙarƙashin ofishin jakadanci, kuma ba sa karɓar kuɗi. Kuɗin jirgin ƙasa daga Gaundare da kwana biyu wajen 'yan'uwa a unguwar Birikitiri ai bai kama ƙafar miliyan 2 ba. Biza kuwa babu mahalukin da ya isa ya lamunce maka ita, jami'in da ya yi hira da yaro shi ke yankewa.

Kada ku manta da Turanci. Yaron da ya yi lise da Faransanci za a gwada shi, idan bai kai ba a sa shi ajin koyon harshe zango ɗaya ko biyu. Ana biyan kuɗinsu kamar kowane darasi, amma galibi ba sa shiga lissafin 60 ɗin nan. Gara ya koyi Turancinsa a nan inda kuɗin malami bai taka kara ya karya ba.

Ra'ayina, tunda ka tambaye ni: idan kuɗin shekara huɗu za su fita daga ribar shago ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba, hanya ce mai kyau, kuma ta fi shiga jami'a kai tsaye sauƙi da miliyoyi. Idan kuwa sai an sayar da fili kafin a biya shekarar farko, to ya yi digirinsa na farko a gida, ya dage ya fito da sakamako mai kyau, ya nemi digiri na biyu a waje. A wannan mataki ne jami'o'in can suka fi ɗaukar nauyin ɗalibin kimiyya, ya taya malamai koyarwa ko bincike su yafe masa kuɗin makaranta.

TAMBAYA: Baba Malam, ina gaisuwa. Ni 'yar Gaundare ce, mun zo jihar Meriland da iyayena bayan babana ya ci bizar ƙuri'a. Ina shekara ta biyu a kwalejin al'umma, ina son in ƙarasa ilimin kwamfuta a jami'a. Damuwata biyu ce. Jami'ar da na nema ta ce darussa biyar daga cikin waɗanda na yi ba za ta lissafa su ba. Sannan Mama ta shiga damuwa, don a zauren WhatsApp na dangi ana ta cewa makarantar waɗanda suka kasa ce nake yi, 'yar ƙanwarta kuwa tana fakilte, wato tsangayar jami'a, a Dang. Har kuka take yi. Ina aiki a wani kanti da yamma, in na dawo ni ke girki da kula da ƙannena uku. Me zan yi?
'Yarka, daga Meriland

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Bari in fara da Mama, ki karanta mata wannan da bakinki.

Hajiya, ina gaishe ki da baƙunta. Ranar da yarinyar nan ta karɓi digiri, sunan jami'ar ne kaɗai a kan takardar, iri ɗaya sak da ta wanda ya fara can tun aji ɗaya. Matar farko da ta shugabanci jirgin sama jannati na Amurka a 1999, Eileen Collins, a kwalejin al'umma ta garin Konin ta fara, daga nan ta wuce Jami'ar Sirakus. Masu surutu a waya kuwa ba su ne za su biya bashin karatu ba idan kuka kai ta inda aljihunku bai kai ba.

Amma akwai abin da ya kamata ya hana ki barci, kuma ba shi ne wanda kike kuka a kansa ba. Masu bincike a can sun daɗe suna bin sawun ɗaliban waɗannan kwalejoji. Kusan takwas cikin goma suna shiga da niyyar kaiwa digiri, amma bayan shekara shida wajen 16 cikin 100 ne kawai suke riƙe da shi. Sauran ba daƙiƙai ba ne. Aiki ne yake cinye su, da hidimar gida, sai su rage darussa, shekara biyu ta koma huɗu, daga nan a bari. 'Yarki tana kanti da yamma, tana tukunya da dare, tana wa ƙanne aikin makaranta. Yaushe za ta zauna da lissafin da fannin kwamfuta ke nema? Da a Gaundare kuke, akwai goggo da inna da za su karɓe ta. A can babu. Ku zauna da maigida ku raba aikin nan, samarin gidan ma hannunsu ba zai karye ba don sun wanke kwano. Wannan shi ne taimakon da take buƙata daga gare ki.

Na dawo gare ki 'yata. Darasi yana faɗuwa a hanya saboda ɗaya daga dalilai kaɗan. Ko dai na share fage ne, irin Turancin baƙi da lissafin cike giɓi, waɗannan dama ba a lissafa su, ki sallama. Ko makin da kika samu bai kai C ba. Ko darasin na ɓangaren koyon sana'a ne, domin kwalejojin suna da takarda iri biyu, ta masu wucewa jami'a da ta masu fita neman aiki kai tsaye, kuma darussan ta biyun ba su cika hayewa ba. Na huɗu shi ya fi cin rai: jami'a ta karɓi darasin amma ta ajiye shi a matsayin na zaɓi, bai maye gurbin wanda sashen ke nema ba, sai ki sake makamancinsa.

Wannan na huɗun ana ɗaukaka ƙara a kansa kuma ana yin nasara. Ki nemi su ba ki dalilin ƙin kowane darasi a rubuce. Ki tattara takardar tsarin darasin da malami ya raba muku a makon farko, wadda ta nuna littafin da aka yi amfani da shi da babin da aka karanta, ki kai wa sashen kwamfuta na jami'ar, domin malaman sashen ne suka san ko abu ɗaya ne, ba ma'aikatan ofishin shiga ba. Jiharku tana da rumbun intanet mai suna ARTSYS da ke nuna wane darasi na wace kwaleji ya yi daidai da wane a jami'o'in jihar. Daga yau kada ki yi rajistar darasi sai kin duba shi a can. Ki kuma tambayi mai ba ku shawara ko kwalejinku tana cikin shirin haɗin gwiwa da Jami'ar Meriland da ake kira MTAP, da ko lokacin shigarsa bai wuce ki ba.

Kada haushi ya sa ki tashi kafin ki kammala. Takardar shekara biyun ki karɓe ta a hannu, domin akwai alkawuran gurbi da a kanta aka ɗaura su, kuma ko rayuwa ta juya kina da abin nunawa. Ke mai katin zama ce, kina da haƙƙin neman tallafin gwamnati da ake kira Pell, wanda ƙololuwarsa dala 7,395 ce a shekara, ba bashi ba ne. Sai dai yana da iyaka, kwatankwacin zango 12 na cikakken karatu a tsawon rayuwa. Duk zangon da kika ɓata a darasin da ba zai haye ba, daga wannan rabon aka yanka.

Zangonki na farko a jami'a maki zai iya sauka. Daga ajin mutum ashirin da malami ya san sunanki za ki faɗa zauren ɗaruruwa, 'yan ajin kuma sun riga sun ƙulla abota tun shekara biyu baya. Abu ne sananne, yana wucewa. Ki gaya wa Mama tun yanzu don kada kukan ya dawo sabo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni uwa ce a Domayo, Marwa, mahaifin yaran ya rasu. Ɗana ya zauna kwankur, wato jarrabawar gasar shiga makarantar injiniyoyi ta nan, bai samu ba. Wata makaranta mai zaman kanta ta ce ya zo ya yi BTS shekara biyu, bayan nan zai shiga aji uku a jami'a. Kuɗinta ya yi mini nauyi amma zan iya in na matsa. Da gaske ana shiga jami'a ta nan?
Wata uwa, Marwa

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya ba ki ladan riƙon marayu. Wasiƙarki ta fi sauran yi mini daɗi, don mutane suna ta hangen Amurka alhali irin hanyar tana ƙofar gidanmu.

Biyu ce a nan Kamaru. Akwai BTS, takardar koyon sana'a ta shekara biyu bayan bak, wadda jarrabawarta ta ƙasa ce a hannun ma'aikatar ilimi mai zurfi, ba makarantar ke ba da ita ba. 'Yan ɓangaren Turanci HND suke yi. Akwai kuma DUT da ake yi a cibiyoyin fasaha na jami'o'in gwamnati, kamar IUT ta Jami'ar Gaundare a Dang, da ta Duwala da ta Banjun, su kuma da kwankur ake shigarsu. Mai ɗaya daga takardun nan yana iya ƙara shekara guda ya sami lisansi ta sana'a. 'Yata ta biyu ta nan ta bi, DUT sannan lisansi a Dang, kuma abin da na gani shi ne watannin koyon aiki a kamfani sun buɗe mata ƙofofin da 'yan fakilte sa'anninta suka daɗe suna ƙwanƙwasawa.

To amma kalmar nan ta aji uku a jami'a, a tambaye su wane aji uku. Lisansi ta sana'a a fannin da ya yi BTS, wannan hanya ce shararriya. Aji uku na fakilte kuwa, irin na lissafi ko kimiyyar zahiri zalla, ba haƙƙinsa ba ne. Kwamiti ne ke duba dosiye, wato takardunsa, ya ga ko darussan sun yi daidai, kuma yana iya mayar da shi baya. Makarantun injiniyoyi, har da ENSAI ta Gaundare, suna ɗaukar masu takardar gaba da bak a wasu matakai, amma ta kwankur, kuma kowace shekara sanarwar minista ce ke faɗin takardun da aka yarda da su. Idan injiniyancin yake so har yanzu, ya nemo sanarwar bara ya karanta kafin ya zaɓi fannin BTS.

Kafin ki biya kason farko, ki je da kanki tare da wani kawunsa mai karatu. Ku ce a nuna muku izinin ma'aikata, kuma ku duba ko fannin da yaron zai yi yana cikin takardar, domin makaranta tana iya samun izinin fanni uku ta buɗe bakwai. Ku tambayi wace jami'ar gwamnati ce ke kula da lisansinsu, tunda makarantu masu zaman kansu a ƙarƙashin kulawar jami'ar gwamnati suke ba da ita, kuma ku nemi ganin takardar wani da ya gama don ku ga hatimin da ke kai. Ku nemi sakamakon BTS na bara, mutum nawa suka zauna, nawa suka ci. Sannan ku ce a zaga da ku ɗakin gwaji. Na taɓa shiga wata irin wannan makaranta da ke koyar da aikin lantarki, allo da alli kawai na tarar, sai tsohuwar mita ɗaya da ɗalibai ke kallo daga nesa. Wanda ya yi fushi don kun yi waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ku amsa.

Akwai kuma hanyar da ba ta cin kuɗi. Rajista a fakilte ta jami'ar gwamnati sefa 50,000 ce a shekara tun gyaran 1993, shekarar da Gaundare ta zama cikakkiyar jami'a. Marwa ta sami tata a 2008, Garwa a 2022, yaro ba sai ya bar Arewa ba. Yana iya shiga aji ɗaya na kimiyya a Marwa, yana kwana a gida yana cin tuwonki, ya sake zama kwankur baɗi da ƙarin ƙarfi a lissafi, muddin shekarunsa ba su wuce iyakar da aka sa ba. Ya haɗa da kwankur ɗin IUT. Idan aka dace, shi ke nan. Idan ba a dace ba, shekarar ba ta tafi a banza ba, yana aji biyu. Ga uwa mai riƙe da gida ita kaɗai, wannan zan fara gwadawa kafin in ɗauki nauyin makarantar kuɗi. Amma ki dube shi da kyau: fakilte ba mai kiran suna, ba mai tambayar ina ka kwana. Yaron da sai an tsaya a kansa, BTS mai ƙaramin aji ta fi masa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan Injamena ne, ina karatun BTS a Gaundare da fasfon Chadi. Zan iya kai takarduna kwalejin al'umma a Amurka su lissafa mini abin da na yi?
Ɗalibi, Gaundare

AMSA: Ɗana, lissafin darussa yana yiwuwa. Ana fassara takardun maki, a aika wa kamfanonin tantance takardun waje irin su WES, sannan kwalejin ta yanke abin da za ta karɓa, kuma yakan kasance ƙasa da abin da mutum ya zata. Amma fasfonka ne kan gaba. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Amurka ta sa Chadi cikin ƙasashe 12 da ta rufe wa 'yan ƙasarsu shiga, har Shugaba Mahamat Idriss Deby ya rama da dakatar da ba Amurkawa biza. Irin waɗannan dokoki suna canzawa, saboda haka ka duba shafin ofishin jakadancinsu na Injamena ka ga halin da ake ciki kafin ka biya kuɗin fassara ko na tantancewa, don ba a mayar da su. Kafin nan ka ci BTS ɗinka, ka ɗora lisansi a kai. Kamaru da Chadi tsarin digiri ɗaya suke bi na ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, takardar za ta yi maka aiki a gida.